Muryar Kathiravan

Madarar da masoya ke kwarara wa ƙaton hoton katako na jarumi Kathiravan don girmamawa, ana ta kiɗa a ƙofar silima a birnin Madurai, ta fantsamo wa Meyyappan, wani tsohon daraktan fim, a riga. Tsohon daraktan ya ɗaga kai a fusace.

"Kai, sauko! Madarar jarirai kuke shayar da katako?"

Ganguna suka tsaya cak. Sudalai, shugaban masoyan jarumin, ya diro daga tsani ya ci kwalarsa.

"Tsoho, maimaita mu ji."

"Na ce ku jakuna ne!"

"Jama'a, kun ji ɗan rainin wayo? Zagin bai ishe shi ba, har da kwaikwayon muryar gwaninmu!"

Mari ya sauka, duka ya biyo baya. Wani ya sauke masa gora a maƙogwaro.

A asibiti likita ya ce Meyyappan da magana har abada. Yana kwance Kathiravan ya faɗo ɗakin, yana kuka da 'yar siririyar muryar da ya daɗe yana ɓoye wa duniya.

Tun fim ɗinsa na farko, baki kawai jarumin ke motsawa. Muryar Meyyappan ce ake ɗorawa a kai.