Mai Dambun Nama da Saƙon Malama

Ɗago wayar nan da kika kifa a kan tabarma, ƙanwata. Tun ɗazu take ƙara kina yi kamar ba taki ba. Bari in ba ki misalin wata mata mai sana'ar dambun nama a Azare.

Matar nan Allah ya ba ta hannu. In ta daka nama ta soya, dambun yakan fito da laushi kamar auduga, ya yi wata biyu a roba ɗanɗanonsa bai gushe ba. Ba ta da shago, wayarta ce kasuwarta: ta ɗauki hoto ta ɗora, masu so su aiko saƙo, ita kuma ta kai kaya tasha a ba direba. Ciwonta ɗaya ne, kuma ba lalaci ba ne, don wadda ke dakan nama har kafaɗarta ta yi tsami ba a kiranta raguwa. Buɗe saƙo ne ba ta so. Ta lura cewa da zarar ta buɗe, 'yar alamar nan takan koma shuɗiya, mai saƙon ya san an gani, daga nan amsa ta zama dole: nawa ne, yaushe za a samu, ba ragi? Sai ta ɓullo da dabara. In saƙo ya shigo, ta leƙa sunan daga saman waya, ta ce bari in sauke tukunya, bari in yi la'asar, bari in natsu in amsa da kyau. A ganinta, muddin ba ta buɗe ba, ba ta saɓa wa kowa ba. Haka saƙonni suka taru har arba'in da ɗaya, ita kuwa tana ta kukan babu kasuwa.

Ana nan lokacin tashin alhazai ya zo, lokacin da masu dambu ke jira duk shekara, don kowane maniyyaci yana son guzurin da zai tuna masa da gida. Wata Talata saƙon murya ya shigo daga tsohuwar malamarta ta Islamiyya, wadda ita ce ta fara ɗanɗana dambunta ta ce wannan hannu bai kamata ya tsaya a cikin gida ba. Matar ta ga sunan, ta ce ai Malama ba a amsa mata a tsaitsaye, sai an kintsa. Talata ta wuce, Laraba ta bi ta, Alhamis ma haka. Sai ranar Juma'a da hantsi ta danna, muryar tsohuwar ta fito a hankali: "'Yata, Allah ya kira ni bana. Ba na son guzurin kowa sai naki. Ki yi mini roba uku kafin Alhamis, ranar za mu shiga sansani." Nan take ta buga waya gidan. 'Yar Malama ce ta ɗauka, ta ce sun tafi tun jiya. Ta ce Malama ta jira har safiyar tafiya, tana cewa ƙila wayar ce ta lalace, daga ƙarshe aka sayo mata a hannun wata mai talla a bakin tasha.

Ba cinikin da ya kuɓuce ne ya ƙona mata rai ba. Uzurin nan ne da tsohuwar ta yi ta nema mata, alhali wayar lafiyarta lau, tana kife a kan murfin kwano. Ta yi kuka mai isarta. Abin da nake yaba mata shi ne, ba ta ce bari in huce ba. Nan ta zauna a kan turmi, ido jajur, ta shiga buɗe sauran saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wasu ta ba su haƙuri suka karɓa, wasu sun daɗe da saye a wani wuri, wata kuwa ta wanke ta tas, mai dambun ta shanye. Ga mamakinta, aikin da ta shafe makonni tana gudu bai kai dahuwar nama ɗaukar lokaci ba. Can cikinsu ta tarar da wani saƙo da ya shigo a safiyar ranar, daga wani magidanci a Misau. Mahaifiyarsa tana jirgin Lahadi, mai yi musu dambu kuwa ta ce masa gobe har sau uku. Matar ta rubuta masa kalma ɗaya: yau. Ta yafa mayafi ta cimma mahauta kafin su tafi masallaci, a ranar ta gama dambun, Asabar da safe robobi suna cikin mota. Tsohuwar Misau ta buɗe guzurinta a Makka ta ɗiba wa 'yan ɗakinsu, lambar waya tana manne a jikin robar. Alhazai suka dawo gida da zamzam da dabino da lambar mai dambun Azare.

Da Malama ta dawo, matar ta je yi mata barka da roba uku a hannu, ta durƙusa ta faɗi gaskiya cewa wayar ba ta taɓa lalacewa ba. Tsohuwar ta yi dariya ta ce ta sani, ta sa mata albarka. Har yau in kin ga wayar matar nan, fuskar wayar duk maiƙo ce, don da hannun suya take amsa saƙo. A mako guda ta ga rabonta ya tafi bakin tasha, ta kuma ga na wata ya biyo ta har gida. Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.