Tsuntsayen da Suka Daina Ji

Tun da aka kakkafa turakun amo a fadamun Haɗeja, tsuntsaye jan-baki suka daina cin shinkafa. An ce ƙarar turakun ba ta shiga kunnen mutum, tsuntsu kaɗai take kora. Bana sai ga su sun dawo, har suna sauka a kan turakun.

Da hantsi Farfesa Tasalla da tsohon ɗalibinta, Dakta Mamuda, suka zo duba wata gonar shinkafa. Mamuda ya buga gwangwani yadda kakanni ke korar tsuntsu. Ko ɗaya bai tashi ba.

"Ka gani?" in ji Farfesa. "Yanayi ne ya yi zaɓinsa. Masu ji sun gudu, yunwa ta kashe su, kurame suka ci suka hayayyafa. Turakun ba su da laifi."

"Ranki ya daɗe, a wajenki na koyi wannan, amma ban gamsu ba. Ina jin turakun ne ke kurmantar da su tun suna cikin sheƙa."

"Kawo hujja, Mamuda, da hannuna zan kashe turakun."

Mai gonar, wani magidanci da aka haifa bayan kafa turakun, yana duƙe yana cire ciyawa. Farfesa ta yi masa sallama. Ta sake, da ƙarfi. Bai waiwayo ba. Sai ta lura fadamar cike take da manoma, amma ba mai magana, sai nuni da hannu.

"Su kuma, ranki ya daɗe," Mamuda ya ce a hankali, "wa ya zaɓe su?"