Cikin Jan Layi

Ranar da aka shata jan layi kewaye da na'urar radar da muka yi wa aiki a gaɓar tekun Magallanes, matata ce ta riƙo hannuna muka je, domin yanar ido ta riga ta rufe min idanu.

"Tsoho, wai sabuwar doka ta hana ƙetarewa, wai ɗumin na'urar yana makantarwa, yana kisa," in ji ta.

"Me kike gani a ciki?"

"Wani ruɓaɓɓen benci ne kawai."

Mu shida ma'aikatan wurin muka haɗa shi. Shekara goma sha biyu muna zama a kai, muna zagayawa da ƙoƙon shayin mate, muna sa wa na'urar albarka saboda ɗumin da take kai mana har ƙashi. Biyar suna kabari.

"Kai ni ciki, tsohuwa," na ce. "Sanyi nake ji."