Bayan An Bar Musu Bas Ɗinsu

Ƙarfe huɗu na yamma majalisar gari ta janye: ba za a soke bas ɗin da ke kai mutanen garin birnin Zwolle ba. Wata takwas ke nan wata mata da ƙawarta suna bin gidaje a kan keke, cikin ruwa da iska, suna neman sa hannun mutane don a bar bas ɗin.

"To, mun huta," in ji ƙawar. "Kya samu ki gyara gashin nan naki, 'yar tsohuwa."

"Ni ma na huta da ƙorafin gwiwarki."

Suka yi dariya, kowacce ta hau kekenta.

Sai a hanya abin ya faɗo mata. A ƙasar Turawan nan ba a ƙwanƙwasa ƙofar mutum babu dalili, nata dalilin kuwa yau ya ƙare. Shekarunta hamsin da uku, yara sun watse, gidan shiru.

Ranar Talata, lokacin da suka saba haɗuwa, ta fita duba gari, ko ta samu rami a titi ko fitilar da ta mutu, abin da zai sake haɗa su neman sa hannu. Komai lafiya lau.

A bakin ruwa ta hango ƙawar ita kaɗai, tana girgiza wani benci da hannu biyu, ko Allah zai sa ya motsa.