Harafin da Ya Faɗi Zaɓe

Amsar ta iske Madam a kan hanyar Waca, daidai inda rezon waya ke kamawa: "Al'umma ta jefa ƙuri'a. Masu amfani da harafin ƴ kaɗan ne, ba za a saka shi ba."

Shekara uku ta yi tana mayar da tsarin na'ura mai ƙwaƙwalwa zuwa Hausa, don matan ajinta na yaƙi da jahilci. An ce mata tsarin na kowa ne, kowa na da ta cewa. Ta yarda, ita da ba ta cika yarda ba. Abu guda ta roƙa: wannan harafi mai lanƙwasa da ake koyarwa a lakwal, wato makarantun bokon Nijar.

Ta bincika ko su wane ne al'ummar. Ashe mutum tara ne, bakwai ma'aikatan kamfani ɗaya. Ta rubuta ƙorafi, aka gode mata, aka rufe zancen.

Ran Laraba ta kunna sabon zubin tsarin a gaban aji. Kalmar maraba ta fito, wadda ta fi alfahari da ita: ƴanci. Sai dai gurbin harafin farko wayam yake.

Wata mai ƙuli-ƙuli, wadda ta fara haɗa baƙi bana, ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"An... ci. Madam, wa aka ci?"

Mata suka kwashe da dariya. Madam ta daɗe tana duban gilashin.

"Kin karanta daidai, Iya," in ji ta. "Koma ki zauna."