Kyanwar Baba Tanimu

Tun da aka kafa dokar yi wa kyanwoyi allurar da ke sa musu hankali irin na mutane, duk wadda ba a yi wa ba ƙwace ta ake yi. Ranar da wa'adi ya cika, Baba Tanimu ya kai tasa ofishin dabbobi a kwando.

"Baba, halitta ta bar ta a baya," in ji wata ma'aikaciya. "Gyara za mu yi."

"Wace baya? Farce da ido sun ishi kakanninta, ba su buƙaci tunaninmu ba. Ta maƙwabcina da kuka gyara, kwana tara ke nan tana zaune gaban ɓeran da ta kashe, ta ƙi cin komai."

"To, sai mu riƙe ta."

Ya zauna a ƙasa, ya rungume kwandon.

"Nemo kejin da zai ɗauke mu biyu, 'yata."