Na'ura Mai Gane Fuska

"Ta yi kuskure," na ce, ina nuna allon talabijin.

Na daɗe ina zaɓen na'urar da za ta adana hotuna da bidiyon gidanmu wuri ɗaya. Na ƙi mai arha, na ɗauki mai tantance fuskoki. Fannin da na karanto a waje ke nan, shi ya sa na tara kowa a falo.

Ta ware hotunan Mama, ta ware na ƙanwata. A cikin na marigayi Baba kuwa ta cusa wani ramammen tsoho, zaune a gadon asibiti, hula ta yi masa yawa.

"Duk tsadarta, ta haɗa Baba da wani. Bari in cire shi."

"Injiniya, sauke hannunka," in ji ƙanwata. Yau babu tsokana a muryarta.

Mama ta matso, ta goge allon da bakin mayafinta.

"Shi ne," ta ce. "Shekarar da ka ce aiki ya hana ka zuwa."

A ƙarƙashin hoton, na'urar tana jiran amsata: Wannan Baba ne?